Mahaifinmu ya je yaƙin Bama amma bai taɓa ba mu labari ba: ta yaya za mu rubuta tarihinsa?

Autar Saje, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da masana a kan wani al'amari na gidanmu, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu fiye da shekara ashirin ke nan, ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ni ce auta. Duk unguwa Saje ake ce masa. Mun tashi mun san cewa ya yi soja a zamanin Turawa, ya je yaƙin Bama (Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu), ya dawo ya yi aikin ɗan doka na wasu shekaru, daga baya ya ajiye ya sayi keken ɗinki ya zauna a zaure yana ɗinka riguna da kayan 'yan makaranta har idonsa ya raunana. Iyakar saninmu game da sojansa ke nan. Idan wani cikin yayyena ya matsa masa da tambaya, sai ya ce, "Daji ne da ruwan sama," ya ci gaba da taka kekensa.

Mutumin da muka sani kuwa, tun kafin assalatu yake tashi, ya ninke bargonsa kamar an sa masa guga, ya goge takalminsa ko da ranar babu inda za shi. Da magariba yakan tsaya a bakin ƙofar tsakar gida ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, abin da mu yara muke kira fareti, kuma ba a buɗe kwanon tuwo sai lissafi ya cika. Ranar da aka biya shi kuɗin ɗinki ya sayo tsire, da hannunsa yake rabawa, ɗan uwargida da ɗan amarya yanka ɗaya, shi kuma ya lashe yajin da ya rage a takarda. Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki yaro ba, kuma shi ne ya tsaya kai da fata sai da mu mata biyar muka yi makaranta, a lokacin da danginsa ke cewa ɓata lokaci ne.

Abu biyu ne muke gani ba mu gane ba. Idan damina ta yi nisa, ruwa ya kwana yana dukan kwano, ba ya barci, sai ya fita zaure ya kunna fitilar ƙwai ya zauna da carbinsa har gari ya waye. Sannan duk kaka yakan auna buhun dawa ya ba wani direba ya kai wani ƙauye a ƙasar Bauchi, inda ba mu da dangi ko na nesa, kuma wannan buhu ya sha jawo ƙananan maganganu tsakanin iyayenmu mata.

A watan jiya uwargidansa ta rasu, muka buɗe akwatin ƙarfensa da ke ƙarƙashin gadonta. Muka tarar da littafin sallamarsa daga soja wanda gara ta ci gefensa, da lambobi uku, biyu masu siffar tauraro ɗaya zagayayya, da wani ɗan ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo, da hotonsa cikin kaki tare da wani mutum dogo da ba mu sani ba.

Babban yayanmu ya kawo shawarar a rubuta ɗan littafin tarihinsa a raba wa jikoki a taron zumuncinmu na bayan Babbar Sallah, tunda yawancinsu ba su riske shi ba. Amma Baffanmu, ƙanensa da ya rage, ya ce bai ga dalili ba, domin yaƙin Nasara aka je yi, kuma abin da mai shi ya binne da kansa bai kamata 'ya'yansa su tono ba. Tambayata ita ce, ta yaya za mu gano inda ya yi yaƙi da waɗannan kaya, kuma shin ya dace mu rubuta abin da shi bai so ya faɗa ba?

Malamin Tarihi, Kaduna

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙan Baba da uwargidansa, ya kai haske kabarinsu.

Ƙyallen nan da kika ambata a ƙarshe shi ne mafi amfani a cikin akwatin. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya tambarin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ne, wadda aka kafa a 1943 aka kai ta Indiya ta jirgin ruwa a shekarar. An ɗauko tambarin ne daga Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, wanda mu a wajenmu Gizo ne, mijin Ƙoƙi, mai cin galaba da dabara ba da ƙarfi ba. Da a runduna ta 82 yake, wadda ta bi baya a 1944, da kin ga mashi biyu a gicciye a kan gammo, domin wannan shi ne nata tambarin. Gammon kuwa ba ado ba ne. A dazuzzuka da duwatsun Arakan, yankin yammacin Bama, mota ba ta shiga, saboda haka dubban sojojinmu 'yan dako ne, a ka suke ɗaukar harsasai da abinci da sassan igwa, sauran kayan kuma jiragen sama ke jefo musu da laima.

Ɗan Najeriya mai tambarin gizo-gizo yawanci ɗayan hanyoyi uku ya bi. Ko dai yana bataliya ta 4 ta Rijiman ɗin Najeriya, wadda aka haɗa a birged ta 6 da bataliyar Gambiya da ta Saliyo, suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944 zuwa farkon 1945. Ko kuma yana bataliya ta 6 ko ta 7 ko ta 12, wato birged ta 3, wadda aka cire daga rundunar aka ba Janar Wingate, ta shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. Ko kuwa yana cikin 'yan dako da 'yan igwa da sauran masu tallafa wa rundunar. Littafin sallamar zai raba gardama, domin a ciki ake rubuta lambar soja da muƙaminsa da bataliyarsa da ranar shiga da ta fita. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin kowa ya sake taɓa shi, kada kuma a manna masa salatif, yana cinye takarda.

Taurarin biyu kusan tabbas Tauraron 1939 zuwa 1945 ne da Tauraron Bama, zagayayyar kuma lambar yaƙin ce da aka ba kowa. Kada ki yi mamaki idan kin juya bayansu ba ki ga sunansa ba, haka Ingila ta raba su babu suna.

Ke da kike Zariya, tarihin nan yana bakin ƙofarki. Barikin Chindit, inda daffon horar da kurata yake, sunansa daga can ya zo, haka Dalet da Kalapanzin a nan Kaduna, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Letmauk a Ibadan. Mutane na wucewa ta gabansu kullum suna zaton sunayen wasu Turawa ne, alhali yawancinsu sunayen wurare ne na ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Idan kin samu lambar bataliyar, kundin da hafsoshi ke rubuta abin da ya faru kowace rana yana ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew, sai dai da wuya ki ga sunan ƙaramin soja a ciki, abin da za ki samu shi ne inda bataliyar ta kwana da ranar da ta yi artabu. A nan gida kuma ki leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, ki nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, domin ta riƙa buga labaran yaƙin da wasiƙun sojoji.

Game da maganar Baffa, ba zan ce ba ta da tushe ba. Rundunar da Baba ya shiga ita ce dai wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903 ta kuma ragargaza Satiru a 1906, shi ya sa iyaye da yawa a ƙasar Hausa suka daɗe suna ganin shiga soja abin kunya ne. Amma a lokacin yaƙin Hitila ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa neman mutane, kuma ba kowane saurayi ne ya tafi da son ransa ba. Wannan ma yana cikin abin da ya kamata jikokin su sani.

Tsohon Samanja, Jos

Ƙanwata, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ban san Bama ba, amma na yi shekara talatin da wani abu a kaki, ina cikin waɗanda aka kai Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo, saboda haka maganar zaman zaure da daddare ba baƙuwa ba ce a wurina. Uwargidana ta san idan yara suka fara fasa nokawut da Sallah, ni ɗaki nake shiga in rufe. 'Ya'yana sun sha tambayata ko na taɓa kashe mutum, ban taɓa amsa musu ba, kuma ba zan amsa ba. Wanda ya je ya gani ba ya son ya shigo da abin cikin gidansa, domin gidan shi ne wurin da ya yi ta mafarkin komawa lokacin da yake kwance a rami cikin ruwa. Mai yawan ba da labarin jarumtakarsa a majalisa, sau da yawa a sito ya yi aikinsa.

Ƙirgar da Baba ke muku da magariba ma na gane ta. Duk wanda ya taɓa riƙe mutum goma a daji ya san cewa babu abin da ya fi nauyi kamar ka ƙirga da yamma ka ga ɗaya babu.

Shawarata ita ce ku rubuta, amma ku rubuta abin da kuka sani kawai. Na ga littattafan tunawa da yawa da iyalai ke bugawa, inda kofur ke zama kyaftin, mai dafa abinci ke zama wanda ya kama Japanawa arba'in shi kaɗai. Irin wannan cin mutuncin mamaci ne, domin duk tsohon sojan da ya karanta zai yi dariya. Idan littafin sallama ya ce igiya biyu gare shi, wato kofur, ku rubuta igiya biyu. Idan ɗan dako ne, ku rubuta ɗan dako da babban baƙi, don wanda ya hau dutse da akwatin harsashi a ka, ana harbi, shi kuma babu bindiga a hannunsa, bai gaza kowa ba. Inda ba ku san abin da ya same shi ba, ku faɗi inda bataliyarsa take a wannan watan kamar yadda Malam ya nuna, ku yi shiru a kan sauran, kamar yadda shi ma ya yi.

Sannan kada ku bari yaƙin ya cinye littafin. Shekara uku ko huɗu ya yi a can, ya yi fiye da hamsin yana ciyar da ku. Rabon tsiren nan da kika ba da labari ya fi mini lambobin nan uku daraja, domin lambobin duk wanda ya je an ba shi.

Ki kuma je ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiharku da hoton nan. 'Yan Bama sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu na nan, kuma a 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke an sake kiran da yawa daga cikinsu, saboda haka akwai tsofaffin da suka yi aiki da su suka ji labari daga bakinsu. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ita ce ranar da za ki same su a wuri ɗaya.

Ɗan Zongo, Kumasi

Hajiya, ina yi muku ta'aziyya daga Gana. Kakana na wajen uwa ya sa irin wannan tambari na gizo-gizo, domin birged ta 5 ta rundunar duk 'yan Gwalkwas ne, wato Gana ta yanzu, kuma yakan ce da Hausa suke magana da 'yan Najeriya a can, har da waɗanda ba Hausawa ba, saboda ita ce harshen bariki. A nan hedikwatar sojanmu da ke Ankara (Accra) sunanta Burma Camp, kuma duk Janairu sojoji na bikin ranar Myohaung, garin da rundunonin biyu suka karɓe daga hannun Japanawa a 1945.

Abin da zan ƙara shi ne kada ku tsaya a ranar da jirgi ya dawo da su. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci wa kakana rai. An yi musu alkawarin aiki da kuɗin sallama mai kauri, suka dawo suka tarar da tsadar kaya da aljihu wayam. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Ankara don kai kuka, aka buɗe musu wuta a mararrabar Christiansborg, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, kuma tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta samun 'yancin kanmu a 1957. Ku binciki yadda Baba ya samu kuɗin keken ɗinkin nan, da shekara nawa ya yi yana tarawa. Mu sai bayan rasuwar kakanmu muka gane cewa ya sayar da babbar rigarsa ta soja da bargonsa ne ya biya sadakin kakarmu.

Almajirin Malam, Katsina

Hajiya, Allah ya gafarta wa mahaifinku. Ban ga inda rubuta tarihin mahaifi ya saɓa wa addini ba, matuƙar gaskiya aka rubuta, ba a yi ƙari ba, ba a kuma tona asirin da shi ya rufe ba. Abin da aka hana shi ne zagin mamata, da kururuwa da yabon da ya wuce kima irin na jahiliyya. Sai dai littafi amfanin masu rai ne, shi mamaci abin da ke isa gare shi an faɗe shi a hadisin da Muslim ya ruwaito: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ku goma sha ɗaya ne, idan kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, rijiya ko famfo a unguwarku ba zai gagare ku ba.

Amma ni buhun dawan nan ne ya tsaya mini a rai. Ya zo a hadisi ingantacce cewa yana daga mafificiyar biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan mahaifin ya wuce. Mutumin da ya yi shekaru yana aika hatsi gidan da ba danginsa ba, akwai alkawarin da yake cikawa. Shin da ya rasu wani ya ci gaba da aikawa? Kafin ku tafi Kaduna ko ku rubuta wasiƙa Ingila, ki zauna da mahaifiyarki tun tana da rai da hankalinta, ki tambaye ta cikin ladabi, ke da ita kaɗai. Shi kuma Baffa kada a yi masa gardama a gaban yara. Babban yayanku ya same shi da goro a ɗakinsa, ya roƙe shi ya ba da labarin ranar da wansa ya bar gida, domin a duniya yanzu shi kaɗai ne ya ga wannan ranar.

Autar Saje, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in aikata abin da kuka ce.

Malam, mun duba littafin da tabarau da fitila, bataliya ta 4 aka rubuta, ke nan Kaladan ya je. An sallame shi a 1946. Yaya Samanja kuwa kamar ka leƙa akwatin, domin kofur ne a rubuce. Ashe sajen a aikin ɗan doka ya samo shi, mu kuma muka yi shekara hamsin muna jingina shi ga Bama. Yayanmu ya ɗan ji babu daɗi, amma ya yarda a rubuta kofur.

Na zauna da Inna bayan sallar isha'i na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce sau ɗaya tak ya taɓa yi mata maganar, a wani dare na damina da ta bi shi zaure da fushi a kan buhun nan. Dogon mutumin ɗan dako ne daga ƙasar Bauchi. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da Baba suna janyewa, shi ya goya shi kwana biyu, bayan kayan da aka ɗora masa. Daga baya ruwa ya cinye shi a wajen ƙetare wani kogi, ba a ga gawarsa ba. Ya bar tsohuwa da mata da jaririya, kuma su ake kai wa dawar. Inna ta ce ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba muddin yana raye, har abokiyar zamanta ta koma ga Allah tana zargin wata mace yake ajiye da ita a can.

Amsar tambayarka, Allah gafarta Malam, ita ce babu wanda ya ci gaba da aikawa, tun shekarar da ya rasu buhun ya tsaya. Inna ta tuna sunan ƙauyen da sunan jaririyar, wadda in tana raye ta haura tamanin. Yayanmu da ɗana za su tafi ranar Asabar da buhu biyu da kwafin hoton.

Baffa bai ce ya amince da littafin ba tukuna, amma da aka kai masa goro ya yi kusan awa biyu yana magana. Ya ce shi ne ya riƙe wa wansa ƙunshin kayansa har ƙofar gidan hakimi, yana ɗan shekara bakwai, kuma tsohuwarsu ta yi kwana uku ba ta ɗora tukunya ba. Mun naɗi muryarsa a waya da izininsa.

Malamin Tarihi, ina da sauran tambaya ɗaya. Idan aka samo cikakken sunan mutumin nan da lambarsa daga wajen iyalinsa, akwai inda ake rubuta sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba?

Malamin Tarihi, Kaduna

Akwai, Hajiya. A maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, kusa da Yangon, an kafa ginshiƙai masu ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma da yawa a ciki. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta sa sunayen a shafinta na intanet, ana bincikawa kyauta. Sai dai magatakardan soja sun riƙa rubuta mutanenmu da sunan yanka da sunan gari ko ƙabila, kuma da irin rubutun da kunnen Bature ya ji, saboda haka ki gwada sunan ta fuska uku ko huɗu. Idan su Yaya sun samu wata takarda mai lambarsa a gidan, ko da ta yage, su ɗauko hotonta.